Waƙoƙin Ƙusa Ta Sha Huɗu

Shafi na 27

Masu cika mini waya da saƙo kuna cewa na cika jan rai, to ga shi, ku gyara zama. Ke kuma da kika ce in na taɓa auren Doguwa za ki fice daga zauren nan, ki yi haƙuri 'yar'uwa, ni ma ba haka na so ba.

*

Saura kwana takwas biki.

Doguwa ta bar aminiyarta Ɗigo a ƙasa, a shagon tela, suna ta musu a kan hannun riga, ita kuma ta hau bene wajen mai kiɗan da zai yi musu aikin liyafa. Sai da ta sunkuya kafin ta shiga, kamar yadda ta saba a kowace ƙofa tun tana 'yar shekara goma sha uku.

"Amarya! Shigo, shigo. Ki kula da wayoyin nan, ko ni da na shimfiɗa su kullum sai sun kayar da ni."

Shagon a cushe yake da sifikoki, fanka na juyi a sama tana ƙara. Ya karkaɗe mata kujerar roba, ya juyo da wata tsohuwar kwamfuta ta fuskance ta.

"Jiya ango ya ajiye mini wannan, ya ce in kwashi waƙoƙin da kaina, sauri yake. Ni kuma ba na sakin waƙa a biki haka kawai. Kowace sai na san labarinta, in faɗa wa jama'a tukuna. Shi ya sa ake nemana."

"Ai shi ya sa na zo. Ni zan ba ka labarin, don in ka jira Malam Shiru ya yi magana sai an tashi daga bikin."

Mai kiɗa ya kwashe da dariya.

"Ai ya hutar da ke! Kowace waƙa da ɗan rubutu a gefenta, har da kwanan wata. Wallahi Amarya, ni mai 'ya'ya uku sai da na share ƙwalla."

"Rubutu?"

Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa hannunta. Shekara shida suna tare, bai taɓa ce mata ya rubuta komai ba. Mutumin da in ka ce masa ina kwana sai ya yi tunani kafin ya amsa, ashe yana da baki a cikin kwamfuta.

Ta ce, "Bari in ba ka nawa, sai mu haɗa. Shekararmu ta ƙarshe a jami'a, akwai ƙusoshi a bangon lab, kowa da inda yake rataye farar rigarsa. Tawa ƙusa ta sha huɗu. Wata Litinin na sa hannu a aljihu na ji memori, an naɗe shi a takarda, an rubuta ɗaya a jiki. Waƙa guda ce tak a ciki. Bayan sati uku na sake samun wani. Haka har goma sha ɗaya. A na ƙarshen na kama shi hannunsa a aljihun rigata."

"Allahu akbar. Ya ce me?"

"Me zai ce? Ya tsaya yana kallona kamar an dasa shi. Ni na yi maganar. Har yau ni nake yi."

"To bismilla. Ta farko."

Ya danna. Jita ta fara a hankali, muryar wata mace mai ɗan dishi ta biyo baya. Nan take Doguwa ta ji ƙanshin ɗakinsu na hostal, ɗaki mai gado huɗu da risho ɗaya, ruwa na zuba a kwano, ita da Ɗigo sun raba abin ji, kowa ta saƙala ɗaya a kunne.

Mai kiɗa ya gyara murya ya karanta.

"Yau kin taka kujera a laburare don ki ɗauko littafi. Kujerar ta yi girgiɗi, kika sauko kika yi mata faɗa kamar mutum. Tun ɗazu nake dariya ni kaɗai."

Doguwa ta yi murmushi, sai murmushin ya tsaya a hanya.

"Ni? Taka kujera?"

Mai kiɗa ya dube ta, ya dubi fankar da ta kusa shafar ɗankwalinta lokacin da ta shigo.

"To... salon masoya ne. Ni ma na taɓa ce wa matata ta iya girki."

Ta yi 'yar dariya don kada ta ba shi kunya. "Sa ta uku. Ita nake so a buɗe da ita."

Ta uku ganguna ne masu tashi, irin waɗanda suke sa ƙafa motsi ko mutum bai so ba. Wannan waƙa ta san ranarta kamar yunwar cikinta. Mama tana kwance a asibiti wata na biyu, Doguwa ta haɗa akwati za ta bar karatun gaba ɗaya. Ta je lab ɗaukar rigarta ne ta ji memori a aljihu. A kan akwatin ta zauna ta saurara, sau tara, sannan ta buɗe shi ta mayar da kayanta cikin loka. Ta daɗe tana faɗa wa mutane cewa wannan digirin ba nata ba ne, na wanda ya ga halin da take ciki ne ya aiko mata da ganguna.

"Karanta."

"Yau a motar yawon karatu ke kika ja waƙa, mutum hamsin suna amsawa, har direba. Ina can kujerar baya, ban amsa ba, amma na haddace."

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Ban je wannan tafiyar ba."

"Na'am?"

"Ban je ba. Ina asibiti. Sati guda ina kwana a kan tabarma a gefen gadon Mama." Ta matso da kujera. "Ko dai an gauraya rubutun ne? Kai ka taɓa wani abu?"

"Wallahi ban taɓa ba, Amarya. Yadda na same shi ke nan."

Kanta ya ɗaure. Ta shiga lalubo dalili. Ko ya ga wata ya ɗauka ita ce? A mota ɗaya, da tsawonta? Ko labari yake ƙirƙira don daɗin rubutu? Malam Shiru da ko tatsuniya bai iya ba? Akwai wata amsa da take ta leƙowa daga can ƙasan ranta, ta danne ta, don duk ajinsu babu wanda bai san wadda ta ja waƙa a motar nan ba.

"Ta bakwai," ta ce.

Mai kiɗa ya riga ya leƙa rubutun. Ya sosa ƙeya.

"Amarya, ko in kawo miki ruwa?"

"Ta bakwai."

Fiyano ne shi kaɗai, da wata murya a harshen da har yau ba ta san ko na ina ne ba. Ba ta taɓa neman fassara ba. Wannan ita ta tarar a aljihu ranar da ta dawo makaranta bayan rasuwar Mama. Duk shekara in ranar ta zagayo sai ta kulle ɗaki ta saka ta. A cikin duk masu yi mata gaisuwa a lokacin, ta ɗauka mutum ɗaya ne ya san ba magana take buƙata ba.

Ba ta jira shi ba, ta jawo kwamfutar ta karanta da kanta.

"Yau a ɗakin cin abinci kin yi atishawa sau bakwai a jere. Na ƙirga. Wannan ta bakwai ce, sai na ga abin ya dace."

Ta dubi kwanan watan. Kwana biyu da binne Mama. Tana gida a ranar, a tsakiyar ƙannenta.

Atishawa!

Shekara shida tana kuka da waƙar atishawa. Ta rasa me ya kamata ta yi, dariya ko ihu. Kuma ta san mai atishawar. Ko ɗazu a shagon tela sai da ta jera guda biyar saboda ƙurar yadi.

Sai ga takun mutum a bene, da gudu, ana tsallake matakala bibbiyu.

Malam Shiru ya faɗo shagon yana haki, katin wajen aiki na lilo a wuyansa.

"Kwamfutar nan... akwai wani abu da na manta ban..."

Ya ga Doguwa. Ya ga abin da ke buɗe a gabanta. Ya tsaya cak, da irin tsayuwar nan da ta sani, tsayuwar ranar da ta kama hannunsa a aljihun rigarta. Shekara shida tana kiran wannan tsayuwar kunya. Yau ta dube ta da kyau, ta ga ba kunya ba ce.

Mai kiɗa ya miƙe. "Bari in ɗan leƙa ƙasa..."

Babu hanya, ango ya cika ƙofa. Ya koma ya zauna a kan sifika yana naɗe wata waya da ba ta buƙatar naɗi.

"Malam," ta ce, muryarta a kwance. "Wa ya taka kujera a laburare? Wa ya ja waƙa a mota?"

"Doguwa, mu je gida mu..."

"Babu gidan da za mu. Yau kai za ka yi maganar, ni na gaji. Wa ka rubuta wa wannan?"

"Ƙusa ta sha huɗu," in ji shi.

"Ni ce ƙusa ta sha huɗu!"

"A takardar da aka manna a ƙofar lab ba ke ba ce. Ke ta tara ce."

Sai abin ya dawo mata, ƙaramin abu, wanda ko sau ɗaya bai taɓa zuwa ranta ba. Satin farko ne. Ƙusoshin layi biyu ne, na sama da na ƙasa. Ɗigo ta tsaya tana ta tsalle da riga a hannu, ta kasa kaiwa, 'yan aji na dariya. Doguwa ta karɓi rigar ta ce, kawo, ke koma tawa ta ƙasa, ni ma na huta da sunkuyo. Shi ke nan. Babu wanda ya je ya gyara takardar ƙofa. Wa ke gyara takarda saboda ƙusa?

"Mun yi musaya," ta ce a hankali, kamar da kanta take.

"Ban sani ba. Rukuninmu Laraba muke shiga, ku Litinin. Makulli yana hannuna, da safe nake zuwa kafin kowa. Ban taɓa ganinku da rigunan a jiki ba."

"Ba ka ga tsawon rigar ba? Rigata fa! Ɗigo biyu za su shiga ciki su bar wuri!"

"Na ɗauka girma ɗaya ake rabawa."

Mai kiɗa ya yi wani tari ya kau da kai.

"Wata tara, Malam. Wata tara kana aika wa mutum saƙo ba ta ko dube ka ba, ba ka yi tunanin komai ba?"

"Tana rerawa."

"Me?"

"In na saka waƙa ranar Litinin, kafin Alhamis sai in ji ta tana rera ta a hanyar laburare. Sai in ce saƙo ya isa."

Doguwa ta dafe kai. Ai dole ta rera. Kunne ɗaya nata, ɗaya na Ɗigo, kowace waƙa tare suka fara jin ta. Ɗigo ce ma take tsokanarta, take cewa wannan masoyin naki na ɓoye ko aljani ne ya iya zaɓe.

"To ranar da na kama ka fa? Me ya hana ka faɗa?"

"Kin riƙe hannuna kina kuka. Kin ce ba don ni ba da kin bar karatu. Kin ce ni kaɗai na san yadda aka yi miki gaisuwar Mama." Ya sauke ido. "Ta ina zan fara?"

"Sai ka aure ni don tausayi."

"A'a."

"Don kunya?"

"A'a! Da farko na rasa yadda zan yi ne, gaskiya. Na ce bari a gama jarrabawa. Aka gama, na ce bari ki ɗan warware. Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai wayi gari in wani abu ya same ni ke nake fara nema. Doguwa, shekara shida fa. Wata tara ne waccan, kuma ko gaisuwa ba mu taɓa yi da ita ba. Ke na sani. Ke nake so."

Bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Da jiya ne ya faɗe ta, da ta kwana tana juyi don murna. Yau ta ji ta, ta kuma yarda gaskiya yake faɗa, amma ta rasa inda za ta ajiye ta. In shi yana son ta, ita wa take so? Wanda ya gan ta a kan akwati ya aiko da ganguna babu shi, ba a taɓa yin sa ba. Amma gangunan sun hana ta tafiya, wannan ba ƙarya ba ne, takardar digirin tana rataye a falon Baba. Fiyanon ya riƙe ta ranar da ta kasa tsayuwa. To waƙoƙin nata ne ko ba nata ba ne? Shekarar nan da take ba kowa labari, ta wace ce?

"Ban gane ba," ta ce. "Wallahi ban gane komai ba. In tashi in ce an fasa? A kan me? In ce wa Baba saboda ƙusa?"

"Kada ki ce komai. Don Allah."

"Ita ta sani?"

"Wa?"

"Kada ka raina mini hankali. Babbar ƙawata, wadda take ƙasa yanzu tana faɗa da tela a kan rigar bikina. Ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Ka rantse."

"Ba ta san komai ba. Babu wanda ya sani sai ni."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ko ba komai wannan ya rage mata. In Ɗigo ba ta sani ba, to kuskure ne na mutum ɗaya, wawan kuskure, irin wanda wataƙila wata rana a ba jikoki labari a yi dariya. Ta ji ƙafarta ta fara taɓa ƙasa. Ta jawo jakarta, ta miƙa hannu za ta rufe kwamfutar.

Sai idonta ya sauka a ƙasan jerin.

"Malam, memori nawa ka saka a aljihuna?"

"Sha ɗaya."

"Nan sha biyu ne."

Mai kiɗa, da bakinsa ya gaji da zama, ya ce, "Ai ita ce ta fi duka, Amarya! Ba ta kasuwa ba ce, na bincika ko'ina babu ita. Busa ce, an ɗauka da waya, har ana jin numfashin mai..."

Kallon da ango ya yi masa ya sa ya haɗiye sauran.

"Ni na busa," in ji Malam Shiru da sauri. "Sarewa. Na koya a lokacin, na haɗa da kaina, na ce ita ce ta ƙarshe da zan bayyana kaina. Kafin nan kika kama ni. Sai na bar ta a nan."

"Ba ka ba kowa ba?"

"Ban ba kowa ba."

"Ba wanda ya taɓa ji?"

"Babu."

Gefenta babu rubutu, sai kwanan wata. Kwana uku bayan ranar da ta kama shi.

"Sa mini."

"Doguwa, ba ta da amfa..."

"Mai kiɗa, sa mini."

Bawan Allah ya dubi ango, ya dubi amarya, ya ga wadda ta fi tsawo, ya danna.

Sarewa ta fara, siririya, tana ɗan rawa. Ta hau sau uku, ta sauko, a hawa na huɗu numfashin mai busar ya yanke, ya sake kamawa.

Tsigar jikin Doguwa ta tashi.

Ta san wannan yankewar. Ta san ta kamar yadda ta san tarin Baba. Ta ji ta a hostal a satin jarrabawa, ta ji ta a kasuwa, a mota, a wajen aiki, ta ji ta yau da safe a hanyar zuwa nan. Waya uku aka canza, busar da ke tashi in an kira ba ta canza ba. Sau nawa ta ce, ke don Allah ki rabu da wannan kukan makiyayan, ki sa abin zamani? Amsar kullum ɗaya ce: a wani wuri na tsince ta, na saba da ita.

Ta ciro wayarta.

"Wa za ki kira?" in ji Malam Shiru. "Doguwa, wa za ki kira?"

Ta danna suna na farko a jerin, ta ɗora wayar a kan tebur.

Daƙiƙa ɗaya. Biyu.

Daga matakalar bene, kusa sosai, wata sarewar ta ɗauka. Ta hau sau uku, ta sauko, a na huɗu numfashi ya yanke.

"Ke Doguwa, ga ni fa a bakin ƙofa, kiran me kike yi? Telan nan ya ce in kin..."

Ɗigo ta leƙo ta ƙarƙashin hannun ango, rigar amarya a kafaɗarta, waya na kuka a hannunta. Ta ji abin da ke fita daga sifika. Ta dubi Malam Shiru. Rigar ta zame ta faɗi ƙasa.

"Ka ce mini ka goge ta."